Yadda ake daidaita tazarar farkon sakin layi a kwamfuta

Duk wanda ya taɓa buga kundin digiri ko doguwar takardar ofis a kwamfuta, ya san ɓacin ran da ake shiga idan aka kai aikin wata na'ura domin gurzawa, aka tarar farkon sakin layi ya karkace, wani ya shige ciki da yawa, wani kuma ya tsaya daidai da gefen takarda.

Sau da yawa akan ɗora laifin a kan kwamfutar, alhali kuwa matsalar ta samo asali ne daga yadda aka sanya tazarar tun da farko.

Masu buga rubutu da dama kan danna dogon maɓallin tazara sau biyar, ko su danna maɓallin Tab a farkon kowane sakin layi. Manhajojin rubutu irin su Microsoft Word da LibreOffice Writer kuwa suna da wata hanya da aka tanada domin wannan aiki, wato salo, wanda a allon kwamfuta aka rubuta shi da sunan Styles.

Asalin tazarar

Barin gurbi a farkon sakin layi ya girmi kwamfuta da ɗaruruwan shekaru.

A zamanin da ake kwafar littattafai da hannu a Turai, akwai masu aikin sanya wata alama da jan tawada a inda sabon batu ya fara. Bayan da Johannes Gutenberg ya fito da injin ɗab'i a wajajen shekarar 1450, sai maɗaba'u suka riƙa barin gurbi domin a zo a zana alamar daga baya.

Da littattafai suka yawaita, sai aka rasa lokacin zanawa, gurbin ya zauna fayau, masu karatu kuma suka saba ganinsa a matsayin alamar sabon sakin layi.

Daga nan sai tafireta ta shigo kasuwa a Amurka a 1874. A kan tafireta faɗin kowane harafi ɗaya ne, kuma a yawancinsu haruffa goma ne ke cika inci ɗaya, don haka danna tazara sau biyar yakan ba da rabin inci cif.

Wannan al'ada ce ta biyo masu buga rubutu har zuwa kan kwamfuta.

Inda matsalar take

A kwamfuta faɗin haruffa ya bambanta, haka ma faɗin tazara yakan sauya gwargwadon nau'in haruffan da girmansu. Tazara biyar a wani nau'in ba ta kai tazara biyar a wani ba, shi ya sa rubutu ke karkacewa idan aka sauya haruffa, ko aka buɗe fayil a na'urar da ba ta da irin haruffan da aka yi aikin da su.

Maɓallin Tab ya ɗan fi dama, domin a Word yana tsallake rabin inci ne, wato santimita 1.27, muddin ba a sauya ma'auninsa ba. Sai dai shi ma a kowane sakin layi ake sanya shi ɗaya bayan ɗaya.

Idan kundi mai shafi 100 yana da sakin layi biyar a kowane shafi, kenan wurare 500 ne za a bi a gyara da hannu a ranar da malami mai duba aikin ya ce a rage tazarar ko a ƙara ta. Ga ɗalibin da wa'adin miƙa aiki ya ƙurato masa, kuma yake biyan kuɗin kowane shafi a shagon buga takardu, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Mene ne salo?

Salo tarin umarni ne da aka ba suna ɗaya aka adana wuri guda. Yana ƙunshe da nau'in haruffa, da girmansu, da tazarar da ke tsakanin layuka, da kuma tazarar farkon layi.

Duk sakin layin da aka ɗora wa salon zai bi wannan umarni. Idan aka gyara salon sau ɗaya, gaba ɗayansu za su sauya a lokaci guda, ko da sun kai dubu.

Tun daga Word na 2007 aka baje jerin salon a fili, a sashen Home da ke saman allo. Mai aiki zai ɗora linzami a kan sunan salon ya danna ɓangaren dama, ya zaɓi Modify, sannan Format, sannan Paragraph. A nan ne zai ga akwatin Special, inda zai zaɓi First line ya rubuta ma'aunin da yake so.

A LibreOffice Writer, wadda kyauta ce kuma ta fara fitowa a 2011, maɓallin F11 ne ke buɗe jerin salon.

Sai dai akwai tarkon da mutane da yawa ke faɗawa. Salon da ake kira Normal shi ne tushen da galibin sauran suke gado daga gare shi, don haka idan aka sanya masa tazara, tana iya bayyana a kanun babi da cikin jadawali, inda ba a buƙatar ta. Abin da ya fi shi ne a yi amfani da salon Body Text, ko a ƙirƙiri sabo domin gundarin rubutu kaɗai.

Kowane aiki da salonsa

Tazara iri-iri ce, kuma kowacce ta cancanci salonta.

Tsarin APA na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, wanda sassa da dama na jami'o'in Najeriya ke bi, ya tanadi rabin inci a farkon kowane sakin layi. A bugu na bakwai da ya fito a 2019, maganar wani da aka ɗauko wadda ta kai kalma 40 akan ware ta daban, a tura ta ciki gaba ɗayanta da rabin inci.

A jerin manazarta kuwa tsarin juyawa yake yi: layin farko yana tsayawa a gefe, sauran layukan su shige ciki. Wannan shi ne Hanging a cikin akwatin Special. Masu ƙoƙarin yin sa da Tab sukan ga aikin ya wargaje da zarar an ƙara kalma ɗaya.

Masu kawo ayoyi da hadisai da Larabci a cikin rubutun boko ma suna da riba a nan. Tun da Larabci daga dama yake farawa, tazararsa ma daga dama ake auna ta. Salo ɗaya zai iya riƙe alƙiblar rubutun, da nau'in haruffan, da tazarar, ta yadda duk nassoshin da ke cikin kundi za su fito bai ɗaya.

Gyara tsohon aiki

Wanda ya riga ya buga aikinsa ta tsohuwar hanya ba sai ya sake daga farko ba.

A Word, danna Ctrl da Shift da 8 tare yakan fito da ɓoyayyun alamomi, inda tazara ke bayyana a matsayin ɗigo, Tab kuma a matsayin kibiya. Domin kwashe Tab ɗin gaba ɗaya, sai a buɗe akwatin nema da musanyawa, a nemi ^p^t a maye gurbinsa da ^p.

Idan kuma aka gyara salo amma wani sakin layi ya ƙi sauyawa, to alama ce an taɓa gyara shi da hannu, kuma gyaran hannu yana rinjayar salo. Danna Ctrl da Q yakan mayar da shi kan umarnin salonsa.

A LibreOffice, Ctrl da M ne ke share gyaran hannu. Amma a yi hattara, domin a Word waɗannan maɓallan biyu ƙara tura sakin layi ciki suke yi.

Yana da kyau a adana kwafin fayil ɗin kafin a fara gyaran, sannan bayan an kammala a mayar da shi PDF kafin a kai wurin gurzawa, domin shafukan su fito kamar yadda aka tsara su.