Yadda Sababbin Sana'o'i Suka Tsiro a Amurka Bayan Annoba

Sa'ad da cutar korona ta auka wa ƙasar Amurka cikin shekarar 2020, jama'a sun zaci ciniki ya mutu ke nan. Aka rufe kantuna da gidajen abinci da ma'aikatu. A watan Afrilu kaɗai, mutum fiye da miliyan 20 suka rasa aikinsu. Amma abin da ya biyo baya ya ba masana mamaki ƙwarai.

A can, mai niyyar kafa kamfani yakan nemi lamba daga ofishin haraji, Ofishin Ƙidaya kuwa shi ke lissafin takardun neman. Cikin 2019 an sami wajen miliyan 3 da rabi. Cikin 2020 suka tasam ma miliyan 4 da dubu 400, cikin 2021 suka kai miliyan 5 da dubu 400. Tun da aka soma wannan lissafi cikin 2004, ba a taɓa ganin irin wannan hauhawa ba.

To, me ya kawo haka? Da fari, wanda aka sallama daga aiki ba shi da zaɓi. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na biyu, gwamnati ta raba wa yawancin manya dala 1,200 cikin 2020, ta kuma ƙara dala 1,400 cikin 2021, waɗansu suka mai da nasu jari. Na uku, da aka kulle mutane a gida sai saye ya koma ta intanet, watau mutum ya iya buɗe kanti daga ɗakinsa, ba kuɗin haya.

Amma fa samun lamba daban, ciniki daban. Wajen sulusin takardun nan ne kawai ake sa ran za su zama kamfanoni masu ɗaukar ma'aikata. Bisa lissafin hukumar ƙwadago ta ƙasar kuma, cikin sababbin kamfanoni 5, ɗaya yakan rushe a shekarar farko, kusan rabi ba su wuce shekara 5.

Saboda haka masu karatu su lura. Wuya takan tura mutum kasuwa, amma ba ita ke zaunar da shi ba. Mai zama shi ne wanda ke rubuta shiga da fita kullum, ya san jari, ya san riba, ba ya cin wannan da sunan wancan.