Olney: Ƙaramin Garin Da Waƙarsa Ta Zaga Duniya

Idan aka ambaci Ingila, yawancinmu birnin Landan muke tunawa. Amma ƙasar cike take da ƙananan garuruwa waɗanda Turawa ke kira garuruwan kasuwa. A zamanin da, ba kowane gari ne ke da izinin kafa kasuwa ba. Wanda ya samu, shi ne manoman ƙauyukan kewaye ke kai wa amfanin gona ranar da kasuwa ke ci. A wannan shekara mun zaɓi ɗaya daga cikinsu domin mu duba tare, wato Olney.

Garin yana lardin Buckinghamshire, mil hamsin da 'yan kai daga Landan ta wajen arewa maso yamma, a bakin kogin Great Ouse. Mazaunansa dubu shida ne da ɗoriya, kuma kasuwarsa tana ci kowace Alhamis.

Asalin Sunan

Ko da yake ana rubuta Olney, yawancin 'yan garin "Oni" suke cewa. Sunan ya haura shekara dubu. A tsohon Turanci ana rubuta shi Ollanege, ma'ana tsibirin Olla. Olla sunan mutum ne, tsibirin kuwa tudu ne da kogi da fadama suka kewaye. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu, gama mu ma mukan ce Tungar wane ko Gidan wane. Sunan garin ya fito kuma a cikin babban littafin ƙidayar ƙasa da Sarki William ya sa aka rubuta a shekarar 1086.

Mutanen Olney na da talakawa ne. Sana'ar da aka san su da ita ita ce saƙar leshi da hannu. Mata da yara sukan wuni a sunkuye bisa matashin saƙa, kuɗin da suke samu kuwa bai taka kara ya karya ba. Daga baya ɗinkin takalma ya shigo.

Fasto Mai Tarihin Ban Tsoro

A 1764 aka aiko wa waɗannan talakawa sabon fasto mai suna John Newton. An haife shi a Landan a 1725, ya shiga aikin jirgin ruwa tun yana yaro. Rashin jin magana ya kai shi gaɓar Saliyo, inda ya yi wa wani mai fataucin bayi barantaka, aka wulaƙanta shi kamar bawa. A watan Maris na 1748, yana komawa gida, hadari ya kusa nutsar da jirginsu, sai ya yi kuka ga Allah. Daga ranar ya soma juyowa.

To, a nan ne ya kamata mu lura. Bayan wannan tuba Newton bai bar cinikin bayi ba. Ya ma zama shugaban jirgin da ke kwasar 'yan Afirka zuwa ƙetare, har 1754, kuma rashin lafiya ce ta raba shi da aikin. Sai a 1788 ya buga ɗan littafi inda ya bayyana wa duniya muguntar wannan ciniki da kunyar da yake ji saboda hannunsa a ciki. Tsakanin hadarin teku da wannan furci, shekara arba'in cur. Bai kamata mu ɓoye wannan ba, domin waɗanda aka ɗaure a cikin jirginsa mutane ne kamarmu.

Shi ne kuma ya shawarci William Wilberforce kada ya bar majalisar dokoki, ya tsaya ya bauta wa Allah a can. Majalisar ta haramta cinikin bayi a watan Maris na 1807, Newton kuwa ya rasu a watan Disamba na shekarar.

Waƙoƙin Olney

A 1767 wani mawaƙi mai suna William Cowper ya tare a garin. Mutum ne mai baiwa, amma yana fama da ciwon baƙin ciki mai tsanani. Newton ya riƙe shi aboki, suka riƙa tsara waƙoƙi masu sauƙi domin taron addu'a na masu saƙar leshi, waɗanda da yawansu ba su yi karatu ba. A 1779 aka buga waƙoƙin a littafi guda, su 348, mafi yawansu na Newton ne.

Cikinsu akwai wadda duniya ta sani da suna Amazing Grace, wato alheri mai ban mamaki. Newton ya shirya ta ne domin wa'azin ranar 1 ga Janairu, 1773, bisa addu'ar Sarki Dawuda da ke Littafin Tarihi na Fari, sura 17. Muryar da ake rera ta da ita yau daga Amurka ta fito, bayan rasuwarsa. Jikokin bayin da aka kai can suna cikin waɗanda suka fi riƙe waƙar.

Abubuwan Gani

Wanda ya doshi garin, abin da zai fara hangowa shi ne hasumiyar majami'ar Bitrus da Bulus, mai tsawon ƙafa 185, ginin ƙarni na 14. A harabarta kabarin Newton da matarsa yake, gama an ɗauko ƙasusuwansu daga Landan a 1893. A bakin kasuwa akwai gidan da Cowper ya zauna, wanda ya zama gidan tarihi tun 1900. A ciki za a ga kayan mutanen nan biyu da leshin da 'yan garin suka saƙa.

Akwai kuma tseren fanke. Ranar Talatar da ke gaban azumin kwana arba'in, matan garin sukan ɗaura ɗankwali, kowace ta riƙe kaskon suya da fanke a ciki, su sheƙa da gudu yadi 415 daga kasuwa zuwa majami'a. An ce abin ya samo asali ne a 1445, sa'ad da wata mata ta ji ƙararrawar sujada tana cikin suya, ta ruga da kaskonta a hannu. Tun 1950 suke gasa da matan garin Liberal na Amurka.

Ina Ruwanmu Da Olney?

William Carey, mai ɗinkin takalma da ya tafi Indiya da bishara a 1793, ikilisiyar Baptist ta Olney ce ta ba shi izinin wa'azi. Thomas Scott, wanda ya yi aikin fasto a garin bayan Newton, shi ne sakataren farko na ƙungiyar C.M.S. da aka kafa a 1799. Ƙungiyar ce ta aiko Dokta Walter Miller ƙasar Zazzau, wanda ya yi babban aiki a fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932.

Da yawa daga cikin ɗalibanmu daga ƙananan ƙauyuka suka fito, wasu har sukan ji nauyin faɗin sunan garinsu. Olney bai fi wasu garuruwanmu girma ba. Abin da ya fitar da sunansa shi ne mutanen da suka yi aikinsu da aminci a inda Allah ya ajiye su. Ku da kuke gama makaranta bana, kada ku raina inda kuka fito, kada kuma ku jinkirta gyara abin da kuka san ba daidai ba ne, kamar yadda Newton ya jinkirta. Ubangiji ya bishe ku.