Kwamfutar Hannu Ko Ta Cinya?

Tun da kamfanin Apple ya fito da iPad a 2010, ake tambayar ko wannan kwamfuta mai siffar allo za ta maye gurbin ta cinya. Wajen karatu kam ta yi zarra: ba ta da nauyi, batirinta kan daɗe, kuma ɗalibi na iya ɗaukar hoton ganye a gona, ya zana jijiyoyinsa nan take.

Dogon rubutu ne matsalarta. Yatsu ba sa jin haruffa a kan gilashi, dole a sunkuya ana kallonsu. Nauyin kan babban mutum kuwa ya kai kusan kilo 5, kuma tsokokin wuya ne ke ɗaukarsa. Mai rubuta rahoton gwaji sai ya saya mata madannan rubutu da majingina, wanda hakan kan sa kuɗinta ya kusanci na ta cinya.