Wutar Lantarki a Gida: Wa Za Ku Kira da Tsakar Dare?

Yawancinmu ba mu neman mai gyaran wuta sai ranar da soket ya fara hayaƙi. Sa'an nan ne maigida yakan fita da tocila a hannu, yana ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta, yana tambaya ko akwai wanda ya san wani. Wanda akan samo cikin irin wannan gaggawa, sau da yawa yaro ne mai filaya ɗaya da salatif a aljihu. Zai murɗa waya, wuta ta kama, a ba shi na goro, kowa ya koma barci. Amma abin da ya kawo hayaƙin yana nan a cikin silin, a bisa kan 'ya'yanmu.

Domin wannan muke so mu yi magana da ku a wannan wata, iyaye maza da mata duka. Ba nufinmu mu mai da ku masu gyara ba. Nufinmu ku san abin da za ku iya yi da hannunku, da abin da ba za ku taɓa ba ko kaɗan, da yadda za ku sami mutumin kirki tun wahala ba ta zo ba.

Ina naku ya tsaya?

An kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, a 2013 kuma aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11. A arewa akwai na Kano, da Kaduna, da Jos, da Yola, da Abuja. Har wa yau in wuta ta dawo yara sukan yi ihu da sunan NEPA, ba mu kuwa ga laifinsu ba. Abin da ya kamata manya su riƙe shi ne, falwaya da tiransfoma da mita suna hannun kamfani. Daga mita zuwa cikin ɗakuna, wannan nauyin maigida ne. In laifin yana kan falwaya, ofishin kamfani za a kai ƙara, ko da za su yi jinkiri. Mun san yadda 'yan unguwa sukan tara kuɗi su sa wani saurayi ya hau. In ya faɗo, waɗanda suka tara kuɗin ne za su je su tsaya a gaban uwarsa.

Wayar da ta tsinke ta faɗi ƙasa kuwa, a ɗauka tana da wuta ko da unguwa duka duhu ne, gama ana iya dawo da ita ba sanarwa. A nisance ta da kamar taki 15, a tsare yara da dabbobi, a aika wa kamfani. A watan Afrilu na 2017 babbar waya ta faɗo a kan rufin wani gidan kallon ƙwallo a Kalaba, mutane da dama suka mutu.

Gida yakan yi gargaɗi

Gobarar lantarki ba safai takan zo ba sallama ba. Warin roba mai ƙonewa, soket da ya yi baƙi ko yake da zafi in an taɓa shi, ƙara "tsss" daga cikin makunni, firji ko famfo da ke ɗan jan mutum, duk waɗannan gargaɗi ne. Firjin da ke jan hannu yana nuna wuta tana yoyo cikin ƙarfensa, wayar ƙasa kuma ba ta aiki, ko ma ba a sa ta ba tun farko. Shimfiɗa tsumma a gabansa ba magani ba ne.

Akwai alama ɗaya da mutane da yawa ba su gane ba. In kuka ga waɗansu ƙwayaye sun yi haske fiye da kima, waɗansu kuwa sun dushe, fanka kuma tana gudu kamar za ta tashi, kada ku yi murna cewa an kawo wuta mai ƙarfi. Sau da yawa wayar da ke mai da wuta ce ta saki a kan layi. Ƙarfin wutar gidajenmu bolt 230 ne, amma in wannan waya ta saki yana iya hawa kusa da 400 a wani sashe. Cikin minti kaɗan talabijin da firji za su ƙone. A kashe babban makunni nan da nan.

Muna kuma roƙon uwayen gida: in aka ɗauke wuta kuna cikin guga, ku zare filogin kafin ku tashi. Dutsen guga da hita da aka manta a kunne, aka tafi sujada ko kasuwa, wuta ta dawo ba kowa, sun cinye ɗakuna ba iyaka.

Maganar fis

A nan muke so mu dakata kaɗan, gama a nan ne wayo yake kashe mu. Fis ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi shi musamman domin ya narke. In wutar da ke bi ta waya ta fi ƙarfin wayar, fis ya tsinke, gida ya tsira. Breka ma aikinsa ke nan, sai dai shi faɗuwa yake yi, a tashe shi. Saboda haka in fis ya tsinke, bai lalace ba, aikinsa ya yi. To, me mukan yi? Mu sami waya mai kauri, ko takardar azurfa ta kwalin taba, ko ma ƙusa, mu cusa a gurbinsa, mu ce yanzu ba zai ƙara damunmu ba. Gaskiya ne, ba zai ƙara tsinkewa ba. Wayar cikin silin ce za ta yi zafi a madadinsa, kusa da busasshen katako da sheƙar ɓera, balle a kwanakin hunturu da kome ya bushe ƙayau.

Ga ɗan lissafi da kowane ɗan firamare zai iya yi. Filogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi yana ɗaukar amfiya 13, wato kamar wat 3,000. Dutsen guga yakan ja wat 1,000 ko fiye, butar lantarki kamar 2,000. In aka haɗa su biyu a ekstenshan ɗaya an riga an kai iyaka, tun ba a ƙara firji ba. Ekstenshan mai araha kuwa ko rabin wannan ba ya ɗauka. Kowane abu mai ɗumama ruwa ko ƙarfe, a ba shi nasa soket a bango.

In breka ya faɗi, a zare kayan da ke kan layin, a tashe shi sau ɗaya. In ya tsaya, a mai da kayan ɗaya ɗaya har a gane mai laifin. In ya sake faɗuwa ba kome a jone, a bar shi haka, aikin mai gyara ne. Canja ƙwai, da zare filogi, da kashe babban makunni, iyakar abin da muke ba iyali shawara su yi ke nan, da busasshen hannu, da takalmin roba a ƙafa.

Janareta

Abu biyu kawai. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba wadda ba ta da wari ko launi. Ta sha kashe iyali duka cikin barci, domin an shigar da inji cikin zaure ko kicin saboda tsoron ɓarayi ko ruwan sama. Wurinsa waje ne, nesa da taga. Na biyu, kada a jona shi a soket da waya mai filogi biyu. Sai an sa makunnin sauya layi, wanda masu aikin suke kira cenjoba. In ba haka ba wutar injinku za ta koma kan falwaya, ta sami ma'aikacin da ya hau da tabbacin an kashe layi.

In wuta ta kama mutum

Ɗan abin da zai iya rikita bugun zuciya bai fi kashi ɗaya cikin ɗari na wutar da dutsen guga yake ja ba. Wanda wuta ta riƙe ba ya iya sakin abin, gama naman hannunsa ya ƙage. Uwa za ta ruga ta rungumi ɗanta, wutar ta haɗa su biyu. Da wuya a ce wa uwa ta tsaya, amma dole mu faɗa: makunni tukuna. In ya yi nisa, a ture wayar ko mutumin da busasshen itace, kamar muciya ko taɓarya ko kujerar katako. Wannan na wutar cikin gida ne. Ta babban layi kuwa, ko da sanda ba a matsa kusa.

Bayan an raba shi da wutar, a duba numfashinsa. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa, a riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani kuma ya nemo mota. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara ko manja, zai shaƙe. Ƙuna kuwa a zuba mata ruwa mai sanyi minti 20, ban da man goge baki da ɗanyen ƙwai. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, gama wuta takan yi ɓarna a ciki inda ido ba ya gani. In gobara ce, ba a watsa ruwa sai an kashe babban makunni. Yashi ya fi. A fitar da yara kafin a tuna da akwati.

Neman mai gyara

A neme shi da rana tsaka, sa'ad da ba abin da ya lalace. Ku tambayi masu injin niƙa, da ma'aikatan asibiti, da wanda yake lura da ginin makaranta, wa yake yi musu aiki, shekara nawa kuma. Ku tambayi mutumin a ina ya koya, a hannun wa. Akwai takardar gwajin sana'a da ma'aikatar ƙwadago ta tarayya take bayarwa, akwai kuma shaidar hukumar NEMSA, wadda aka yi dokarta a 2015, ga masu sa wayar gini. Mai gaskiya ba ya fushi in an nemi ganin takardarsa.

Ku kuma lura da hannunsa. Yakan kashe wuta ya gwada da na'ura kafin ya taɓa waya? Ya tambayi inda sandar wayar ƙasa take? Waya mai kaurin 1.5 ta fitilu ce, soket kuwa 2.5 yake so, na jan ƙarfe na ainihi. Wanda ya ce duk ɗaya ne, a sallame shi da mutunci. Ku tambaye shi batun breka mai jin yoyo, wanda yake yanke wuta nan take in ta fara bin jikin mutum. Kuɗinsa bai kai na kwana biyu a gadon asibiti ba.

Kasancewarsa ɗan'uwa cikin ekklesiya abu ne mai kyau, amma baftisma ba ta koya wa mutum haɗa waya. Mun ga ikilisiyoyi da suka ba wani aikin majami'a domin yana cikin ƙungiyar mawaƙa, ba wanda ya iya buɗe baki ya yi gyara. In maƙwabcinku Musulmi ya fi iyawa, ku kira shi. Wanda kuma ya ce zai zagaye muku mita domin ku sha wuta kyauta, sata yake kiranku ku yi tare, mai bi ba shi da rabo a ciki. Mutumin da ya yarda ya cuci kamfani, ba zai ji nauyin sa muku wayar jabu ba.

A cikin Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci mai sabon gida ya kewaye rufinsa da 'yar katanga, domin kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidan. Mu da muke da 'yan haya da baƙi da jikoki masu rarrafe, wayar gidanmu ita ce rufin nan. Mai gyara kuma, in kun tashe shi da ƙarfe ɗaya na dare, ku biya shi hakkinsa a ranar, har da na wahalar hanya. Wanda aka bar shi yana bin bashi wata uku, ba zai ɗaga waya ba in kun sake kira.

In kun same shi, ku nemi na biyu, gama na farkon yana iya yin tafiya. Ku rubuta lambobinsu da ta ofishin kamfani a takarda, ku manna kusa da mita, a ajiye tocila a wurin. Da yamma bayan addu'ar iyali, maigida ya kai uwargida da manyan yara gaban babban makunni, kowa ya kashe shi ya kunna da hannunsa sau ɗaya. In makunnin yana cikin ɗakin da ake kullewa, kowa ya san inda mabuɗin yake.