Tsakanin Auduga, Ƙunzugu da Kamfan Al'ada: Lissafin Matan Gusau, Tsafe da Bungudu

Iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu na cikin Gusau, daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari, Samaru har Damba, da mutanen Tsafe, da na Bungudu da Kwatarkwashi, a gyara zama. Magidanta kuma don Allah kada a sauya tasha, domin batun ya shafi aljihunku. Yau zancen al'adar mata za mu yi, da abin da ake tare ta da shi.

Mu fara da lissafi. Mace mai lafiya tana ganin al'ada kusan sau 13 a shekara. A ce kwana 5 take yi, tana sauya auduga sau uku ko huɗu a wuni. Ke nan tana buƙatar guda 15 zuwa 20 duk zuwa, kusan 200 ko fiye a shekara. Gidan da ke da uwa da ɗiya uku da suka balaga, sai a ninka sau huɗu.

Wannan lissafin ya yi nauyi ne daga 2023. A ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. A Disamban 2023 kamfanin Procter & Gamble, mai audugar Always, ya ce ya daina sarrafa kaya a Najeriya, sai dai ya riƙa shigowa da su. A Mayun 2024 Kimberly-Clark, mai Kotex, shi ma ya sanar da tattara komatsansa, alhali a 2022 ya buɗe masana'antarsa a Ikorodu. Abin takaicin, dokar kuɗi ta 2019 ta yafe harajin VAT ne ga audugar da aka yi a cikin gida, sai ga manyan masu yin ta a gidan suna ficewa. Akwai sauran kamfanoni, akwai Molped da Virony da ire-irensu a shaguna, amma duk wadda ke saye ta san kuɗin ya ninka. Shi ya sa za ka ji yarinya ta saka auduga ɗaya tun safe har bayan isha'i, wata kuma ta koma tsumma.

A cikin wannan hali ne tallar wani sabon abu ta fara yawo a wayoyi, a Instagram da WhatsApp: kamfan al'ada, wanda ake wankewa a sake sakawa. Kada a haɗa shi da wanda ake sakawa sau ɗaya a jefar, mai kama da na jarirai, da wasu masu jego ke saye. Wannan a ido kamfai ne kamar kowane, amma tsakiyarsa hawa-hawa ce. Hawa na sama yana janye danshi daga fata, na tsakiya yana shanye jinin ya riƙe, na ƙasa kuma wata leda ce mai laushi da ke hana yoyo. Kamfanonin Thinx a Amurka da Modibodi a Ostireliya ne suka yayata shi tun wajen 2013. Masu yin sa kan ce yana kai kimanin shekara biyu idan ana kula da shi.

Mene ne matan da suka gwada suke yabawa? Na farko, barci. Ba gocewa, ba tashi tsakar dare a duba zanen gado. Na biyu, fata. Wadda ta san zafin Gusau na watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke taɓa 40, ta san yadda audugar kanti mai leda ke saɓe cinya ta kawo ƙaiƙayi. Na uku ba a cika faɗinsa ba: audugar kanti ba ta zama sai da kamfai mai kyau da za a manna ta. Yarinyar da ba ta da shi, ko aka ba ta auduga kyauta, an ba ta rabin abu ne. Iyayenmu na da sun warware wannan da ƙunzugu da igiyar ɗaurawa a ƙugu. Kamfan al'ada ya haɗa biyun a wuri ɗaya. Sannan ga 'yar makarantar da al'adarta ba ta daidaita ba tukuna, tana iya saka shi a ranakun da take zaton zuwan jini, ta zauna a aji hankali kwance.

To, wannan ita ce fuskar da 'yan talla ke nunawa. Mu juya ɗaya fuskar, kuma a nan za mu daɗe.

Kamfan al'ada yana cin ruwa. Sai an fara ɗauraye shi da ruwan sanyi, a matse, a sake, har ruwan ya fita fari, sannan a sa sabulu, sannan a sake ɗaurayewa. Ruwan zafi yana dafa jini ya kama yadi. Ruwan wanki mai fararwa irin su Hypo yana cinye ledar, dutsen guga kuma narkar da ita yake. Wanda ya ƙirƙiro shi yana da famfo a ɗaki da injin wanki. Mu a unguwanni da yawa na Gusau, duk da madatsar ruwan da ke bakin gari, ɗan garuwa da kurarsa ne famfon gida, kuma jarka ba kyauta ba ce. A ƙauyukan Tsafe da Bungudu, rijiyar da ake ɗiba tana iya zama bayan gari, inda yau saboda 'yan bindiga ba kowace uwa ce za ta aiki ɗiyarta da yamma ba. Saboda haka duk mai cewa abin wankewa ya fi araha, a tambaye shi ko ya sa kuɗin ruwa da sabulu a lissafin.

Bayan wanki sai shanya, kuma ni a ganina nan ne babbar matsalar take. Kamfan yana da kauri, ba ya saurin bushewa. Da hunturu ba laifi, iska na ɗauke danshi, sai dai ƙura. Amma a watan Agusta, ana marka, yana iya kwana ya wuni da laima a cikinsa. Ko rana ta fito, a ina za a shanya? A gidan haya mai ɗaki takwas da igiya ɗaya? A gidan gandu, inda suruki ke alwala a tsakar gida, ƙannen miji na shige da fice? Abin da ke faruwa mun san shi: a rataye a bayan ƙofa, ko a tura ƙarƙashin katifa, ko a jefa cikin kwalla. Gobe a ɗauko da danshi-danshi a saka. Daga nan sai wari, sai fumfuna, sai abin da mata ke kira ciwon sanyi, sai kuma kuɗin da aka yi tattali ya tafi kemis. Kunya adon mace ce, ba mu musa ba. Amma kunyar da ke hana yadi ganin rana cuta take haifarwa. Dabarar da wasu mata ke yi tana da kyau: a shanya a rana, a lulluɓa siririn gyale ko ɗankwali a kai. Iska na shiga, zafi na shiga, ido ba ya shiga.

Sai sauyawa a wajen gida. Auduga dai a zare, a naɗe, a sa wata. Kamfai kuwa sai an tuɓe shi gaba ɗaya. Ɗiyarmu da ke sanye da wandon makaranta da doguwar riga da hijabi, sai ta cire takalmi, ta cire wando, a banɗakin da ƙasansa ke jiƙe, wani lokaci ma ba ƙofa. Ta kuma nemi ledar da za ta ɓoye jiƙaƙƙen a jaka har a tashi. A ranakun da jini ke da ƙarfi, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Don haka masu amfani da shi da yawa haɗawa suke: auduga a rana ta farko da ta biyu, kamfai da dare da kuma ranakun da jini ya ja baya.

Kuɗinsa kuma a dunƙule ake biya. Guda ɗaya ba ya isa, domin yayin da ɗaya ke jiki, ɗaya na igiya. Sai an tanadi huɗu ko biyar. Ɗalibar Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta mata da ke Gusau, ko ta Jami'ar Tarayya, ko ma'aikaciya mai albashi, tana iya yin odarsa daga Legas ko Abuja. Matar da ke jiran cefanen yau daga hannun maigida ba ta da wannan sararin, ko da a ƙarshen shekara shi ne mai sauƙin.

Akwai abin da ba za a ji a tallar Turawa ba, amma ya shafi kowace Musulma. Yawancin waɗannan kamfai cikinsu baƙi ne, da gangan, don kada tabo ya fito. To, duk wadda ta yi karatun Risala a Islamiyya ta san tsarki yana da alama biyu: bushewa, ko farar kumfa. A Muwaɗɗa ta Imam Malik an ruwaito yadda mata kan aika wa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, auduga mai ɗauke da fatsi-fatsi suna tambayar salla, ita kuma ta hana su gaggawa. Baƙin yadi ba ya nuna ja, ba ya nuna fatsi-fatsi, ba ya nuna fari. Mai saka shi sai ta ajiye farin ƙyalle ko auduga daban don dubawa, musamman a azumi, kada ta yi wanka da wuri ko ta bar salla a banza.

A taƙaice kuma, a san abin da ake saye. A farkon 2023 aka sanar cewa Thinx ya amince ya biya har dala miliyan 5 don sasanta ƙarar da aka kai shi a Amurka kan zargin samun sinadaran PFAS a kayansa, kodayake kamfanin bai amsa laifi ba. Idan mai suna ya shiga wannan, ina ga wanda aka zubo a dila ba suna ba adireshi? Na gwanjo kuwa, ko kyauta ne a bar shi.

Ƙoƙon roba da ake sakawa ciki ya tara jinin fa? Shi ya fi kowanne ƙarko, yana iya kai shekara 10, ruwa kaɗan yake so, sai tafasawa bayan kowace al'ada. Wani babban nazari da mujallar Lancet Public Health ta buga a 2019 ya nuna ba shi da haɗari idan an kiyaye tsafta, kuma bai fi auduga yoyo ba. Amma a ƙasarmu, abin da za a tura ciki, uwa ba za ta miƙa wa budurwa ba, ko likita ya yi bayani har ya gaji. Matan aure dai suna iya dubawa. Haka audugar da ake turawa ciki, wadda ba a barinta ta wuce awa 8 a jiki.

Wanda nake ganin ya fi kusa da hannunmu shi ne ɗinkakken ƙunzugu na zamani: yadin auduga mai laushi a sama, tawul a tsakiya, leda a ƙasa, da fukafukai masu maɓalli. Ya fi kamfai saurin bushewa, ana sauya shi ba tare da tuɓe wando ba, kuma idan ɗaya ya lalace ba a yi babbar asara ba. A Yuganda, kamfanin AFRIpads ya fara irin wannan ɗinki a yankin Masaka wajen 2010, yau kayansa na shiga sansanonin 'yan gudun hijira a ƙasashe da dama. Gusau da aka sani da injin gurzar auduga da masaƙa, garin da kowace unguwa ke da mata masu keken ɗinki a cikin gida, ba ta rasa hannun da zai yi wannan ba. Kuma mace ta saya a wajen 'yar'uwarta mace a ɗaki ya fi mata sauƙi da ta tsaya gaban mai shago tana in-ina.

Sai dai ko shi ba na kowa ba ne. 'Yan'uwanmu da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Tsafe da Bungudu, waɗanda ke kwana a kangaye da baranda a cikin Gusau, ba su da igiya, ba su da bokiti, ba su da lungun da za su ɓuya su yi wanki. Ƙungiyoyi da masu hali da ke rabon kaya duk ranar 28 ga Mayu, Ranar Tsaftar Al'ada da aka fara a 2014, su duba wa suke ba kafin su zaɓi abin bayarwa. Daidai ruwa, daidai tsaki. Idan na wankewa za a bayar, a haɗa da bokiti mai murfi da sabulu da igiya, kamar yadda jakar tallafin mata ta hukumar UNFPA kan ƙunshi kamfai da sabulu. Idan ba za a iya ba, audugar kanti ta fi musu, duk da cewa ita ma tana cika masai ta toshe magudana.

Maigida, naka bai da yawa. Jarka ɗaya ta ƙari a waɗannan kwanaki, sabulu, da igiya ta biyu a wani lungu na bayan ɗaki inda ba a wucewa. Kuma kada ka jira ɗiyarka ta buɗe baki ta roƙa, ba za ta iya ba. Ka ba uwarta.

Abu na ƙarshe, ga masu saka kamfan musamman. Da auduga, mace na iya ƙirga guda nawa ta jiƙa. Da baƙin kamfai, jini na iya yawa ba ta lura ba. Malam zai gaya miki haila na iya kai kwana 15 ta fuskar hukuncin salla, wannan daban. Ta fuskar lafiya, idan jini ya wuce kwana 7, ko yana cika abin da kika saka duk awa ɗaya ko biyu, ko yana fita da manyan gudaji, ko kina jin jiri da bugun zuciya, to a tafi asibiti. Na cikin Gusau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da asibitin mata da yara na Sarki Fahad, na Tsafe da Bungudu kuma akwai babban asibiti a kowane gari.

Nan za mu dakata.