3.4 Tasirin Haɗin Gwiwar Kamfani da Cibiyar Bincike a kan Noman Masara

A wannan sashe za a dubi yadda hulɗar kamfani da cibiyar bincike ke sa sabuwar dabara ta isa gona. Ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan suna cikin yankin da aka fi noma masara a Jihar Kaduna, don haka za a kafa hujja da ita.

Ɗaya daga cikin matsalolin masara ita ce gubar afulatoksin, wadda wata irin funfuna ke haifarwa tun a gona, ta kuma ƙaru a rumbu. Gubar tana jawo sankarar hanta, sannan masana'antun abinci da na abincin kaji sukan ƙi sayen masarar da ta kamu. Cibiyar IITA da ke Ibadan, tare da Ma'aikatar Gona ta Amurka, ta samar da magani mai suna Aflasafe, wanda aka yi wa cikakkiyar rajista a Nijeriya a 2014. Ƙwayar dawa ce da aka lulluɓe da funfuna marar guba. Ana watsa kilo 10 a kowace kadada, mako biyu zuwa uku kafin masara ta yi fure, sai marar gubar ta mamaye gonar ta hana mai gubar yaɗuwa.

Sai dai samuwar magani ba ita ce karɓuwarsa ba. Gubar ba ta ganuwa da ido, kuma maganin ba ya ƙara yawan buhu. Saboda haka manomin da zai kai masararsa kasuwar Maƙarfi ba shi da dalilin kashe kuɗinsa a kai. A nan ne kamfani ya shigo. Babban Gona, wanda ya fara aiki da manoman arewacin Kaduna a 2012, yana ba su iri da taki bashi, ya koya musu aiki, ya kuma tara masarar ya nemo mata mai saye. Ya shiga shirin AgResults na 2013 zuwa 2019, wanda ya riƙa ba masu tara masara lada a kan kowane tan da aka tabbatar an yi wa maganin.

Bisa ga wannan, za a iya cewa cibiya ce ke ƙirƙira, amma kamfanin da ya haɗa manomi da mai saye shi ke sa ƙirƙirar ta zauna da gindinta. Sashe na gaba zai dubi inda tumatir ya bambanta.