Jinyar Ciwon Bayan Doki da Wutar Lantarki

Doki ba ya faɗin inda ke yi masa ciwo. Abin da mahayi kan gani shi ne dabbar da ta saba tsayawa a ɗaura mata sirdi ta fara noƙewa, tana kwantar da kunnuwa in an ja majayi, ko ta yi tutsu da zarar an zauna mata. Sau da yawa akan ɗauki wannan a matsayin taurin kai, a bi shi da bulala, alhali kuwa bayansa ne ke ciwo. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wata hanya da masu jinyar dabbobi a ƙasashen Turai da Amurka ke bi wajen magance wannan ciwo, wato motsa tsoka da wutar lantarki.

Asalin abin tsoho ne. A shekarar 1791 Luigi Galvani, wani malamin likitanci a birnin Bolonya ta ƙasar Italiya, ya wallafa bincikensa da ya nuna cewa ƙafar mataccen kwaɗo kan motsa in wuta ta taɓa jijiyarta. A ƙarni na 19 likitan nan na Faransa, Duchenne, ya riƙa motsa tsokar majinyata ta hanyar ɗora wutar a kan fata. Wanda ya yi fice wajen kai wannan dabara barga shi ne Charles Strong na Ingila, wanda da ma mutane yake yi wa jinya, har Lord Mountbatten ya nemi ya gwada na'urarsa a kan dawakin folo.

Kafin a gane amfanin wutar, sai an san yadda bayan doki yake. Daga doronsa zuwa ƙugu akwai ƙasusuwa 18 masu ɗauke da haƙarƙari, da wasu 6 a bayansu. Wata doguwar tsoka ta shimfiɗu dama da hagu, a kanta sirdi ke zama. A ƙarƙashinta kuma akwai wasu gajeru da ke riƙe kowane ƙashi da ɗan'uwansa don kada su goce. To, idan ciwo ya kama wuri, sai doki ya ƙanƙame doguwar tsokar ya daina lanƙwasa baya. Ƙananan nan na ciki kuwa, da yake ba sa aiki, sai su rame. Ramarsu ta sa ƙashi ya rasa mataimaki, ciwo ya ƙaru, doki ya ƙara ƙanƙamewa. Haka abin zai yi ta zagayawa ko da abin da ya jawo ciwon tun farko ya gushe.

Nan ne wutar ke shiga. Akan jiƙa gashin wurin ko a shafa masa wani ruwa mai yauƙi, sa'an nan a manna faifan roba masu waya. Na'urar takan aika wuta 'yar kaɗan, tana ɗaukewa tana dawowa, ta bi jijiyar da ke ba tsoka umurni. Sai tsokar ta tsuke ta saki, ta tsuke ta saki, ba da nufin dokin ba. Wato dai an sa ta yin aikin da tsoron zafi ya hana ta, jini kuma ya sami hanyar gudana. Akwai wani nau'i dabam da ba ya motsa tsoka, sai dai ya dushe saƙon zafi kafin ya kai ƙwaƙwalwa, bisa ra'ayin da Melzack da Wall suka gabatar a 1965.

A nawa ganin, masu sayar da na'urorin sun fi masu bincike ɗaga murya. Gwaje-gwajen da aka yi a kan dawaki ba su da yawa, kuma galibi a kan 'yan ƙalilan aka yi su. Bugu da ƙari, wuta ba ta gyara sirdin da ke matse doro, ba ta raba tsinin ƙasusuwan baya da ke gogar juna, wanda sai hoton ƙashi ke nunawa. Ciwon baya kuma kan samo asali daga ɗingishin ƙafar baya. Saboda haka likitan dabbobi kan fara binciken waɗannan, ya kuma hana a ɗora faifan a kan gyambo, ko ƙari, ko goɗiya mai ciki.